Ragon da Ya Ci Gyaɗar Fumfuna

Samarin yanzu idan suka leƙo rumfata a Birni suka tarar da ni zaune a kan kututture ina taje buzu, sai su ce Baba Habu ya dace da sana'ar hutu. Wani har hoto ya ɗauke ni da salula, ya ce shi kafin wata ya mutu zai ƙware, tunda abin dai fata ce da gishiri da rana. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ban ja da shi ba, don ni ma haka na zata ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baba Maina, majemin da ya koya mini aiki.

Bari in fara raba muku abu biyu. Majemin da ke yi wa dukawa fata, gashi abokin gabarsa ne: ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare, ya huta. Mu masu buzu kuwa gashin muke tsaro. Cikin fatar muke jemewa har ta yi laushi ta daina ruɓa, amma gashin da ke bayanta kada ya san an taɓa shi. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kartaji, ƙarfen kankare nama da kitse. Akwai turmin bagaruwa, wanda ba a daka komai a cikinsa sai ita, da kwatarniya, da turakun miƙe fata a inuwa, da wani dutse mai santsi da na gada, sai matajin katako. Idan aka zuba ruwa a kan dakakkiyar bagaruwa da sassafe, wani ƙamshi mai ɗaci yake tashi, kuma har yau in na shaƙe shi sai in ga kamar Baba Maina zai fito daga zaure yana gyara hula.

Bai ba ni kartaji da wuri ba. Kasuwar dabbobi ya riƙa tura ni, ba saye ba sayarwa, in je in shafa tumakin mutane in dawo in faɗa masa abin da hannuna ya ji. Dillalai har suka sa mini suna Mai Shafa, in na doso su ce a ɓoye tumaki ga surukinsu nan ya zo. In na dawo na ce gashin wannan yana da maiƙo, na wancan ya bushe, sai ya tambaye ni me kowannensu yake ci. In ce ban sani ba, ya ce in koma. A haka na gane cewa abin da dabba ta ci a gashinta yake fitowa, kuma yunwa ko ciwon da ta sha suna barin wuri mai rauni a jikin silin gashi, inda zai tsinke da zarar ya ji wahala. Fatar dabba marar lafiya takan shiga hannun majemi da gashinta, ta fito tsirara.

Masu saye iri-iri ne. Malamai fari suke so, mai geza. Tsofaffin mata suna son ƙarami na zaman lazimi. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu doguwar hanya, suna shimfiɗa shi a kujera saboda gumi. Kowa da rigimarsa, amma duk sukan iya jira, don babu wanda rashin buzu zai kashe. Aiki ɗaya na taɓa yi wanda jiran cikinsa yake cin naman mutum, shi ne na Iya Fanna.

Iya Fanna mai man gyaɗa ce a Zango, mace mai kaifin harshe da saurin hannu. Mijinta, Malam Lawali, tsohon direban kamiyo ne, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance ba ya iya juya kansa. Maƙwabciyarsu Madam Rahila, ma'aikaciyar jinya ce kuma Kirista, takan shigo in ta tashi daga aiki ta duba shi. Ita ta ga fatar kwankwasonsa ta fara ja, ta gaya wa Iya Fanna gaskiya: gyambon kwanciya in ya buɗe yana da wuyar rufewa, kuma yakan tafi da mutum. Ta ce a riƙa juya shi, a kuma nemo fata mai gashi mai kauri da laushi a shimfiɗa masa. Na ba da aron buzun da ya fi kowanne kyau a rumfata. Ba a daɗe ba Iya Fanna ta dawo mini da shi.

"Malam Habu, wannan ai tsintsiya ka ba ni," in ji ta. "Sukarsa yake yi. Mutumin da ba ya iya cewa wayyo da ƙarfi, ka ga hawaye yana bin kunnensa."

Gaskiyarta ne. Gashin tumakinmu miƙaƙƙe ne mai tauri, ya dace da goshin mai sujada, bai dace da bayan majinyaci ba.

Sai wani Batube, mutumin ƙabilar Tubawa, da Malam Lawali ya saba ɗauko wa kaya a da, ya ji labari, ya aiko mata da rago daga cikin tumakinsu na gabas, baƙi wuluk, mai murɗaɗɗen gashi. Irinsa ba ya zuwa kasuwarmu sai da rabo. Na sa hannu a bayansa, yatsuna suka nutse. Amma damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gashin bai cika ba. Na ce ta riƙe shi har sanyi ya shigo ya ƙara masa kauri, ta kuma ciyar da shi da kyau.

Shekarar kuwa ita ce muguwar shekarar gyaɗa. An tuge ta an tara a gonaki, kowa ya ce ruwa ya tafi, sai ga shi ya dawo ya zauna. Gyaɗa ta yi fumfuna tun tana cikin ɓawonta. Ku da ba ku taɓa zama kusa da mai man gyaɗa ba, ga yadda ake yi: takan baza gyaɗar a faifai ta tsince marasa kyau, masu yamushi da masu kore-kore da masu ɗaci, ta ware su gefe. Ba a zubar da su. Iyayenmu sun raine mu a kan cewa abinci ba ya zuwa juji, abin da mutum ba zai ci ba rabon dabba ne. A shekarar kirki tsintar ba ta wuce cikin tafin hannu, ta ɓace a cikin dusa. A wannan shekarar ƙwarya take cika. Kowa kuma ya san gyaɗa tana sa gashi sheƙi. Don haka Iya Fanna ta hana awakinta, ta tattara duka, ta haɗa da tunkuza, wato tuƙar da ke saura in an matse mai, tana ba ragon safe da yamma tana yi masa kirari.

Ranar da ta aiko a kira ni, na tarar da ragon tsaye ya fuskanci bango, kai a ƙasa. Ya daina tuƙa. Na buɗe idonsa, farin ya koma ruwan ɗorawa. Inda ya yi fitsari ƙasar ta yi duhu kamar an zubar da shayi. Mahauci yana zaune a ƙofar gida da wuƙarsa, don ta riga ta kira shi.

"A yanka kafin ya yi mushe," ta ce. "Ka ɗauki fatarka ka tafi."

Na kama gashin kafaɗarsa na ja a hankali, sai ya biyo hannuna. Na nuna mata. Na ce, "Iya, in aka yanka yau, nama za a samu, shi ma ban ce a ci ba. Buzu kuwa babu. Kafin in gama kankarewa gashin nan duk ya zube."

"In kuma aka bari ya mutu fa?"

"To babu duka biyun."

Daga cikin ɗaki ana jin numfashin Malam Lawali. Tsoro ya kama ni, don na san irin wannan rago ba za a sake aiko da shi ba, kuma ni na ce a jira tun farko saboda gashin ya cika.

Sai aka kira likitan dabbobi, wani ɗan garin Zermu, ya zo a kan moto, wato babur. Bai fara da ragon ba, komin abincinsa ya nufa. Ya ɗauki ƙwayar gyaɗa ya fasa, ga wani gari kore-kore a tsakiya.

"Baba, fumfunar nan tana haifar da guba," ya ce da ni. "Wuta ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. In dabba ta ci, tumbi yana rage kaɗan, sauran ya shiga jini ya tafi hanta. Hanta ce ke kama ta, ta sauya ta yadda ruwa zai iya ɗaukarta. Wata ta bi maɗaciya ta fita a kashi, wata ta bi ƙoda ta fita a fitsari. Da tunkiya ce mai shayarwa, har a nono za ta fita, ɗan ya sha."

"To a yi masa allura mana," in ji Iya Fanna.

"Iya, babu allurar da ke cire ta. Jikinsa ne zai yi aikin. Gubar ba ta daɗewa in an daina ƙara ta, amma ta ƙona hantar wajen wucewa, gyaruwar hantar ce mai ɗaukar lokaci. A ɗauke gyaɗar nan yau. A ba shi dakakken gawayi a ruwa, zai kama wadda ta rage a ciki. Ruwa mai yawa, ɗanyar ciyawa kaɗan-kaɗan, kuma a inuwa, don mai ciwon hanta in ya ci ɗanye ya sha rana kunnuwansa kumbura suke yi. Sauran na Allah ne."

A cikin gari ba ɗanyar ciyawa a lokacin, harawar da ake sayarwa ma duk ta sha ruwan nan tana warin ruma. Sai na tuna ƙanwata da ke aure a Gidimuni, mijinta yana da lambu a bakin tafki. Na rufe rumfa, na ɗora ragon a bayan mota, na riƙe kansa a cinyata har muka isa.

Ban san yadda zan kwatanta muku zaman nan ba. Na ɗaure shi a ƙarƙashin dabino, inda inuwa ba ta tashi. Da safe hazo yakan kwanta a kan ruwa, masu lambu suna ban ruwa kamar a mafarki, ba ka jin komai sai ƙarar guga da kukan tsuntsayen tafki. Ni da na saba da hannu a kwatarniya tun asuba, sai ga ni ba abin yi sai kallon dabba tana numfashi. In daka gawayin murhun ƙanwata, in dama, in ɗura masa da kwalba. In yanko ciyawa daga bakin gonar rake in ajiye gabansa, ya sansana ya kau da kai. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni in ga kamar ina cikin jikinsa, ina kallon hantar tana ta aiki ita kaɗai a cikin duhu, kamar tsohuwa mai tace koko, ba mai taya ta ba mai yi mata sannu.

Aikina na gaske kuwa, ku da kuke cewa sana'ar hutu, shi ne duban fitsari da kashi. Kullum in durƙusa in duba ƙasar da ya jiƙa. Masu lambu suna wucewa suna cewa, "Majemi, yau me bokanka ya gani?" In ce su dai yi ta kansu. Kashin ya fara fitowa baƙi saboda gawayi. Fitsarin ya tashi daga launin shayi ya koma na jiƙon tsamiya, ya daɗe a nan har na fara fid da rai. Wata safiya na ga ya ja igiya ya nufi wani suri da ke gindin dabinon, yana lasar jar ƙasar. Na bar shi. Daga baya likitan ya ce laka ma tana kama gubar kamar gawayi, ni dai na san ba wanda ya koya wa ragon.

Ana cikin haka Iya Fanna ta sauko daga motar kasuwa da hantsi, ba ta ko tsaya gaisawa da mutanen gida ba.

"Ya buɗe," ta ce. "Gyambon ya buɗe, Malam Habu. Madam Rahila tana wankewa kullum, amma ya buɗe. Kai kana nan kana shan iskar dabino. Ka yanka shi yau, ko rabin gashi ne a samu."

Na ce ta zo ta sa hannunta. Ta kama gashin bayan ragon ta ja da fushi, ya cika mata hannu. Ta tsaya tana kallonsa. Sai na buɗa wurin da ta tuge na nuna mata: a can ƙasa, jikin fatar, wani sabon gashi ne yake tsirowa, gajere, baƙi, mai sheƙi. Na kama shi da farce na ja, ya ƙi zuwa.

"Wannan shi ne buzun," na ce. "Na saman nan na ciwo ne, sai ya zube duka. Ba ni da yadda zan sa na ƙasan ya yi sauri."

Ta zauna a kan kunyar lambu, ta rufe fuska da gyale. Muna zaune a haka, ragon ya durƙusa ya kwanta, wani abu ya taso masa daga maƙogwaro, muƙamuƙinsa ya fara juyawa a hankali. Tuƙa yake yi, karon farko tun da ya kwanta ciwo. Ta buɗe fuska ta daɗe tana kallonsa.

"To," ta ce. "Ni zan riƙe can. Kai ka riƙe nan."

Ta koma a motar yamma. Abin da suka yi ita da Madam Rahila a wannan tsakanin, ni ban gani ba, amma na ji: juyi dare da rana, matasan audugar rimi, wanki da ɗauri. A nawa ɓangaren, rawayar idon ta riƙa ja da baya daga gefe, fitsarin ya washe, tsohon gashin ya riƙa zuba curi-curi tsuntsaye suna kwasa suna kai sheƙa. Sabon ya taso ya murɗe. Sai da aka fara jin ƙamshin bazara na sa hannu a bayansa yatsuna suka sake nutsewa.

Da aka yanka, hantar na fara cewa a nuna mini. Gefenta ya yi fari-fari ya taurare, amma tsakiyarta ja ce lafiyayya. Likita ya ce a binne ta, aka binne. Fatar kuwa ban bar kowa ya feɗe ba sai ni. Na sa gishiri tun da ɗuminta, na kankare da kartaji, na shafa ruwan bagaruwa a cikinta kawai, na naɗe, na buɗe, na sake shafawa, har ta sha ta ƙoshi. Na miƙe ta a inuwa, na murza da dutse, na taje. Man da na shafa na ƙarshe, Iya Fanna ce ta aiko da shi, ta ce daga gyaɗar da ta tsince ƙwaya-ƙwaya ne, tsintar kuma a wuta ta zuba. Gashin da ya zube a duk aikin bai cika mataji ba.

Mu uku, ni da Iya Fanna da Madam Rahila, muka ɗaga Malam Lawali muka kwantar da shi a kai. Ya rame sosai, gyambon yana nan a ɗaure. Hannunsa mai rai ya sauka gefe ya shiga cikin gashin, ya tsaya a nan. Gyambon ya rufe a hankali. Ba zan ce buzuna ne ya rufe shi ba, hannun matan nan biyu ne, amma wani bai sake buɗewa ba. Ya ƙara shekaru a duniya a kan fatar nan, har ya ga jikoki.

Bayan rasuwarsa, da ta fita takaba, wata damina Iya Fanna ta zo rumfata da ƙunshi a zane. Ta tsufa, harshen ma ya yi sanyi. Ta kwance, ga buzun. Gashin ya cinye a wurin kafaɗu da kwankwaso da dugadugai, kana gani ka san tsawon mutumin da yadda yake kwanciya. Ɗakin da ta ajiye shi ya yi yoyo, fumfuna ta yi masa fari-fari a ciki da gefe.

Na ce abu mai sauƙi ne. Zan wanke shi da sabulu, in sake shafa bagaruwa da mai, in yanke inda ya cinye in fitar mata da ƙaramin buzu na lazimi, ya koma sabo.

Ta dafe shi da hannu biyu.

"Kada ka wanke. Kada ka yanke komai. Fumfunar kawai za ka cire mini, Malam Habu. Warin jikin Malam Lawali ka bar mini shi."

Ban taɓa yin irin wannan aiki ba, Baba Maina ma bai koya mini ba. Na shimfiɗa shi a rana mai sauƙi, na ɗauki busasshen tsumma da mataji, ba ruwa ba mai, na bi shi taƙi-taƙi tun hantsi har la'asar. Tana zaune a kan kututturena. Da na gama na miƙa mata. Ta karɓa, ta kai wurin kafaɗun nan ga fuskarta, ta daɗe a haka.

"Yana nan," ta ce, ta naɗe shi a zane.